Fitilar Motar Baba

Motar Baba fara ce, tsohuwa, ta girmi ƙannena biyu. Ya saye ta tun yana malamin gona, kuma bayan ya yi ritaya babban aikinta na ranar Juma'a ne. Da an sauko daga masallaci sai ya ɗauki Inna zuwa Dutsi ta gaida mahaifiyarta. Kaka ba ta sallamar baƙo sai ya ci tuwo, don haka kullum sai bayan magariba suke kamo hanyar Daura.

A daminar da na dawo gida na kama aikin koyarwa fitilun suka fara ƙiftawa. Ana cikin tafiya haske zai dushe, ya dawo, ya sake dushewa. Direbobin da ke tahowa sukan ɗauka gaisuwa ce, su ma su ƙifta masa nasu. Baba ya mai da abin raha, amma Inna ba ta ga abin dariya ba. Wata Juma'a saura ƙiris su hau kan amalanken shanu da ya taso daga gona. Tana shigowa gida ta ajiye mayafi ta ce, "Malam, ni da motar nan sai an gyara. Gara in hau ta haya."

Maganar ta yi masa ciwo, ko da bai nuna ba. Washegari ya sayo sababbin ƙwayayen fitila ya sa, bai ga canji ba. Ya kai wa mai gyaran wayoyin mota a gareji. Motar kuwa ta yi lamo kamar yaron da aka kai asibiti ya ga allura. Suka kunna, suka kashe, haske tar. Mai gyara ya ce shi bai ga abin da zai taɓa ba, in ta sake yi a dawo da ita.

Inna ce ta ce, tana tsince shinkafa, "Ai a tsaye ba ta yi. Sai ta faɗa rami."

Baba ya dube ta, sannan ya miƙe. Da la'asar sakaliya ya juya motar ta fuskanci katangar gida, inda inuwa ta sauka, ya buɗe bonet, ya kunna fitila. Ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa nake da shi, shi ya sa bai taɓa faɗarsa ba.

"Uwata, ku zo ku zama rami."

Muka jeru a bayan motar, ni da Inna da matar maƙwabcinmu da ta shigo aron turmi. Muna dannawa muna saki, mota tana rawa, shi kuma yana bin wayoyi da yatsa ɗaya bayan ɗaya, idonsa a kan katanga. Inna, wadda ban taɓa ganin ta taɓa motar ba in ban da ƙofa, ta ɗaure zani tamau tana ba da umarni. Dariya ta hana mu ƙarfi.

"Ku ƙara! Ramin hanyar Dutsi ya fi wannan!" in ji Inna.

Can sai haske ya ɗauke. Baba ya saki wayar da ke hannunsa, haske ya dawo. Ya sake taɓawa, ya ɗauke. Wata baƙar waya ce gajera da aka ɗaure a jikin ƙarfen motar, ruwan damina ya sa wurin ya yi tsatsa, noti ya saki. Ya kwance, ya goge da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ɗaure, ya shafa giris. Muka jijjiga motar har hannu ya gaji, haske bai motsa ba. Inna ta kawo masa ruwa da sabulu da kanta, ta tsaya tana zuba masa.

Juma'ar da ta biyo na bi su. A hanyar dawowa fitila na haskawa har gindin itatuwa, amma na lura Baba ya matso da fuskarsa kusa da gilashi, yana tafiya a hankali fiye da kima. Da wata babbar mota ta haske mu, sai ya gangara gefen titi ya tsaya.

"Har yanzu hasken nan bai ƙoshi ba," in ji shi.

Inna ta juyo ta dube ni. Baba ya saki sitiyari, ya murza idonsa, ya buɗe ƙofa.

"Uwata, zagayo."

A asibiti aka ce yanar ido ce ta fara rufe masa gani, aka yi masa aiki bayan girbi, ya warke sarai. Amma tuƙin bayan magariba bai sake karɓa ba. Shi ke kai mu, ni ke dawo da mu. Yakan zauna a gaba da ƙullin daddawar Kaka a cinya, yana sanar da ni kowane rami tun kafin mu iso shi, Inna kuma a baya tana cewa ya ƙyale yarinya ta yi tuƙinta.