Kukar da Ta Je Asiya Ta Dawo

Shekarun baya, wurin aikinmu suka tura ni kwas na wata biyu a wani ƙaramin gari can kudu maso gabashin Asiya. A lokacin ƙanwata tana wani tsibiri a yankin tare da mijinta da ke karatu. Shekara uku ba ta ga kowa na gida ba, ga shi ta haihu.

Da na je gidanmu a unguwar Shamaki sallama, mahaifiyata ta ce, "To, tsakaninku da nisa?"

Na ciro waya na duba, ni a dole ɗan boko. Daga filin jirgin garin da zan zauna zuwa na tsibirin, minti hamsin. Na ce, "Inna, ai kamar nan da Kumo ne."

Shi ke nan na jawo wa kaina. Ta daka yajin jego, ta ƙulla kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya, ta naɗe komai a leda uku saboda wari. Ta ce, "Ka ɗauki yaron a hannunka, ka zo ka faɗa mini nauyinsa."

Na isa, kwas ya sha kaina. Kullum ƙanwata ta kira, "Hamma, yaushe?" Sai in ce ina nan tafe. A raina abin kamar tasha ne a Bolari: ka saɓa jaka, ka tarar ana lodi, ka shiga. Na bar tafiyar sai Asabar ta ƙarshe, alhali ranar Litinin zan taso gida.

Filin jirgin ɗan mitsitsi ne, shago ɗaya, fanka na ta juyi. Na ajiye jakata a gaban mai sayar da tikiti, na ce ta ba ni jirgin da zai tashi yanzu. Ta dube ni da tausayi. Jirgin tsibirin, in ji ta, sau biyu yake zuwa a mako, na gaba sai Talata. In kuwa na matsu, sai in bi ta babban birni in kwana, in sake shiga wani, in isa Lahadi da yamma. Dawowa kuma babu sai bayan jirgina na gida ya tafi.

Na zauna a benci na fi awa biyu ina ta lissafin da ba ya fita. Gumi, gajiya, ga warin daddawa ya fara bayyana. Daga ƙarshe na kira ƙanwata.

"Hamma, ka taso? Na jiƙa shinkafar tuwo tun safe, kukar kawai nake jira."

Ban san me na ce mata ba. Na dai tuna ta ce ba komai, har sau uku.

A Shamaki, Inna ta kwance ledojin ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi faɗa ba. Ta shanya yajin a faranti don kada ya lalace, ta ce, "Ashe Kumon da nisa."

Yanzu ƙanwata da mijinta sun dawo, suna unguwar Barunde, yaron har ya shiga firamare. Ƙanwata ta mayar da abin wasa, ni ne dai har yau in na tuna sai jikina ya mutu. Wayar ba ta yi ƙarya ba, minti hamsin ɗin gaskiya ne. Ni ne na samu kwana sittin, na ƙi ba ta ɗaya.