Ramin da Ke Cikin Gwiwar Baba

Shekara uku Babanmu yana noma da ƙafa ɗaya da rabi a Fakku. Gwiwarsa ta dama ta karkace, in ya taka sai ka ji tana ƙara kamar tsohon ƙyaure. Da abin ya fi ƙarfin mai ɗori, na goya shi a babur ta hanyar Kebbe zuwa Tambuwal, inda nake koyarwa, daga nan muka hau mota zuwa Sakkwato. Likita ya ce za a sa masa gwiwar ƙarfe, muka yarda.

Ranar aikin ina zaune a benci da hantsi sai ga likitan ya fito, hular aiki a kansa.

"Malam, mun buɗe," ya ce. "Kan ƙashin ƙwaurinsa ya cinye fiye da yadda hoto ya nuna. Akwai rami a ciki, ƙarfen ba shi da wurin zama."

Na ce rami kuma? A cikin ƙashi? Ya dunƙule yatsu ya nuna mini girmansa, kamar ƙwan zabuwa. A kan wannan ramin Baba ya yi ta bin shanun huɗa, mu kuwa muna cewa sanyi ne.

"Za mu cike shi da gutsattsarin ƙashin da muka yanke masa. Ba zai isa ba, sai mun ƙaro daga ƙugunsa."

"Ranka ya daɗe, ƙashi ana yi masa faci?"

"Ana yi. Yana kamawa ya zama ɗaya."

Na sa hannu a takardar amincewa.

Da Baba ya farfaɗo bayan la'asar, ba gwiwar ya fara lalubawa ba. Ya dafa kwiɓinsa, ya ji bandeji, ya zaro ido.

"Gwiwa nik kawo musu. Mi yak kai su ƙugu?"

Na faɗa masa duka. Ya sake shafa bandejin. Can ya ce, "Ashe Allah ya aje man gyarana cikin jikina ban sani ba."

Wata huɗu yana dogara sanda a gidana. Da ƙanensa ya zo daga Kebbe duba shi, ya ji labarin facin, ya rantse tatsuniya muke yi masa. Na ɗaga masa sabon hoton a hasken ƙofa, na nuna inda facin ya haɗe. Ya cire hula, ya zauna a ƙasa yana salati, har furar da aka kawo masa ta tsinke bai taɓa ta ba.