Ruwan Kwana Bakwai na Inna Ma'u

Shekara ashirin da ɗoriya Inna Ma'u tana karɓar haihuwa a unguwarmu a Dakoro, ba a taɓa binne jaririn da ta yanke wa cibi ba. Har daga Kornaka ake zuwa ɗaukarta a amalanke. Doguwa ce mara yawan magana. Ni da muke katanga ɗaya ban taɓa ganin haƙoranta ba.

Ɗanta na fari kwana huɗu ya yi a duniya, cibi ya ruɓe. Tun daga nan ta ɗauki wata al'ada da ba ta gaya wa kowa ba. A kwanakin da tsofaffi ke hana jariri nonon farko su ba shi ruwa, sai ta fasa ƙwayar maganin nan ta 'yan tebur, mai kai ja da gindi rawaya, ta kaɗa garin a ruwan, safe da yamma har ranar suna.

Yaran suka rayu. Sai dai da yawansu da sun fara rarrafe fata ta bushe, bayan gwiwa da lanƙwasar hannu su tsattsage. An shafa man shanu, an shafa kaɗe, a banza. Da tsakar rana, in unguwa ta yi tsit, ba abin da ake ji sai susa, ƙar, ƙar, daga gida zuwa gida kamar ana kankare ƙwarya. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki, yaran kan taru a inuwar itacen bedin ƙofar gidanta, ba wasa ba faɗa, su jera suna susa suna kallon ƙofar. In sun tashi ƙasa ta yi fari-fari kamar an zubar da dusa.

Mutanenmu kuwa baki ba ya zama. Waɗanda jiya suke sa mata albarka su ne suka fara raɗa wai mayya ce, ta kama kurwar yaran tun suna cikin jini. Haushi ya ishe ni, na ce wa ya taɓa ganin mayya mai raya yara?

Wata safiya Inna Ma'u ta ce in raka ta likita. A gaban Mansura, ma'aikaciyar jinya, ta kwance haɓar zane ta ajiye ƙwayar.

"Inna, jarirai nawa kika ba wa?" in ji Mansura.

"Duka."

Mansura ta ɗauki ƙwayar ta duba. Sannan ta ce maganin yana kashe ƙwayoyin cuta, amma yana haɗawa da masu amfani da ke cikin hanjin jariri, kuma ana ganin yaran da suka sha shi da wuri sun fi kamuwa da irin wannan ƙaiƙayi. Ba za ta rantse a kan kowane yaro ba. Akwai man da ke sassautawa, amma ba maita a ciki.

Da muka dawo muka tarar da mata cike da ƙofar gida. Ɗaya daga cikinsu, Ramla, ta shimfiɗe 'yarta Hamdiya, 'yar shekara uku, a kan tabarma, ƙafafun duk jini.

"Inna, don Allah tsallaka ta ki sakar mini ɗiya," ta ce tana kuka.

Kowa ya san wadda ta tsallaka ta amsa sunan mayya ke nan, ba mai sake cin tuwon hannunta. Na buɗe baki zan faɗi abin da muka jiyo. Inna Ma'u ta damƙe wuyan hannuna, tafinta sanyi ƙalau a wannan zafin.

"Bari," ta ce a hankali. "Ki kai Ramla ta amso man daga baya. In mayya ce ni, akwai abin da za ni yi mata yanzu. In na hwaɗi gaskiya, mi za ni tsallaka?"

Ta tattare zane ta tsallaka, sau uku. Mata suka ja da baya suna salati. Ramla ta share hawaye ta tsura wa 'yarta ido, kowa yana jira. Hamdiya ta ɗago kai ta dubi tsohuwar, ta kai hannu bayan gwiwa ta ci gaba da susa.