Yadda Muka Sauke Hoton Shugaba

Ni ce mai kula da shafin intanet na kwalejinmu a Birnin Gwari, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya ajiyar magana. Shafin gadonsa na yi daga wani ɗan kwangila da ya zo daga Kaduna ya gina ya tafi abinsa. In ka buɗe, hoton shugaban kwaleji ne zai tare ka, ƙato, da babbar riga, sai jawabinsa na maraba, sai tarihin makaranta. Sanarwar jarrabawa kuwa tana can ƙurya, ƙarƙashin sunan wani ofishi da Turanci wanda ni kaina sai na tsaya na yi tunani.

Abin bai dame ni sosai ba sai wata Litinin da damina, da wata ɗalibarmu ta yi sallama a ofishina. Daga Kusasu take, matar aure ce mai karatun koyarwa, da goyo a bayanta, zaninta duk taɓo. Jarrabawa ta zo rubutawa. Na ce mata ai an ɗage, tun makon jiya muka sa a shafi. Ta nemi benci ta zauna. Wanda bai san hanyar dajinmu ba ba zai gane halin da ta shiga ba. Mutum ba ya fitowa sai ya ji labarin hanya, sai an jira babura sun taru, ana tafe ana addu'a. Can ta ce mijinta ya yarda ta sake fitowa sau ɗaya tak. In ta kuma zuwa a banza, karatun ya ƙare ke nan, kuma ita ma ba ta ga laifinsa ba.

Na tambaye ta ko ba ta duba shafin ba ne. Ta ce ta duba mana. A garinsu sabis sai an hau wani tudu bayan firamare an ɗaga waya sama. Hoton yana saukowa a hankali, kafin ya kai goshi sabis ya ɗauke.

"Wallahi Anti, mu dai hularsa muka sani," in ji ta.

Na yi dariya, sannan raina ya ɓaci ƙwarai. Washegari na kai maganar taron ma'aikata. Na ce a mayar da hoton da jawabin ƙasa, a sa ranar jarrabawa da ranar komawa makaranta da sakamako a sama, rubutu zalla, da Hausa da Turanci. Kai, sai ka ce na zagi uban wani. Magatakarda ya ce ina aka taɓa shiga gida a wuce mai gida ba gaisuwa. Wani malami ya ce duk kwalejojin birni haka suke yi, mu ne za mu zama abin dariya. Shugaban yana zaune yana saurare, da ma dattijo ne mai haƙuri. Ni kuwa zuciya ta riga ta ɗebe ni, na san in na ci gaba a haka zan ɓata rawata da tsalle. Na haɗiye fushin, na juya wajensa.

"Ranka ya daɗe, baƙon da ya sha hanya ai ruwa ake fara miƙa masa. In ya sha ya huta sai a gaisa."

Ya ɗan dube ni, ya yi murmushi, ya ce to a ba su ruwan. Har ya ƙara da cewa da ma hoton ya sa masa ƙiba.

A makon na gama aikin. Takardun da ake ɗauka hoto daga allon sanarwa a ɗora, na zauna na buga su da hannuna, kowacce da ranarta. Na roƙi ɗaliban Kazage da na Tsohon Birnin Gwari su gwada in sun je gida. Ɗaya ya dawo ya ce hannunsa ko gajiya bai yi ba shafin ya buɗe.

Ai kuwa sai ga shi an sake ɗage jarrabawar, takardun tambayoyi ba su iso ba. Na rubuta shi a can sama da manyan baƙaƙe. Na kira wayar matar nan har na gaji, ba ta shiga.

Ranar da a da aka sa za a yi jarrabawar, na kasa zaman ofis. Na ja kujera bakin get, duk babur ɗin da ya tsaya sai gabana ya faɗi. Har la'asar ba ta zo ba. Sai kuma wani tunani ya hana ni sakat: gani ta yi ta zauna, ko dai an riga an hana ta karatun?

Ranar jarrabawar ta gaskiya na hango ta tana saukowa daga babur, mijin ne da kansa ya kawo ta. Ta taho da sauri ta kama hannuna.

"Na gani, Anti. Ranar ban fito ba, surfena na yi."

Ta shige zauren jarrabawa da bironta a hannu. Ni kuma na tsaya a baranda kaina ya kumbura, kuma wallahi ban ji kunyar hakan ba.