Ranar da Kwamfuta Ta Hana Mu Muryar Baba

Baba ya rasu ya bar mana kaset-kaset na tafsirin da yake yi a masallacin unguwarmu a Fassi. Yayana, sarkin nuna iyawa, ya juye su kaf cikin wata tsohuwar kwamfuta da ya sayo a Kano, sannan ya kulle su yadda shi kaɗai zai iya buɗewa, wai kada yara su goge. Kaset ɗin kuwa ɗaki ya yi yoyo da damina suka lalace. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya kunna wa Inna, ta zauna ta ji mijinta yana fassara aya yana tari.

Dab da azumi kwamfutar ta fara nauyi, muka kai ta Rano wajen mai gyara. A lokacin maganin kowace cuta ɗaya ne a wajensu: fomatin, wato a wanke ta tas a zuba sabon tsari. Na ce muryar Baba fa? Mai gyara ya yi mini dariya, ya ce cikinta ɓangare biyu ne, ɗaya zai wanke, wanda karatun yake ciki ko taɓa shi ba zai yi ba. Yaya ya ce in yi shiru, ƙauyanci ke damuna.

Aka gama, ga sunayen karatun nan a jere, ba wanda ya ɓata. Har Yaya ya fara tsokanata. Ya danna Fatiha, kwamfuta ta ce ba shi da izini. Ya danna Baƙara, haka. Sai na zauna a kan benci.

Mai gyara ya sake sa mata sunan Yaya da lambar sirrinsa ta da, harafi da harafi. Ta ƙi. Ya shiga a matsayin mai cikakken iko da ita, nan ma ta ƙi. Zufa ta karyo masa. Can ya ce, a hankali, ashe ba suna take dubawa ba. Ranar da Yaya ya kulle karatun kwamfutar ta ƙera wani makulli ta ɓoye, shi take nema kafin ta bar kowa ya shiga, kuma a ɓangaren da aka wanke yake. Na tashi na zazzaga wa mai gyara masifa har mutane suka taru. Masifar ba ta buɗe komai ba, tsoro ne kawai yake cina.

Muka shiga mota muka nufi gida. Tun daga Kibiya nake addu'ar taya ta fashe, don ranar Juma'a ce, kuma na san Inna tana jira.

Mun tarar ta shimfiɗa tabarma. Yaya ya maƙale a zaure, ni na shiga da jakar kwamfutar. Ta dube ni, ta dubi jakar.

"An goge shi ko?"

Na ce a'a, yana ciki, amma an kulle kuma makullin ya tafi har abada. Sannan ta miƙo hannu biyu.

"Tunda yana ciki, ba ni. Kada wanda ya sake fita da shi daga gidan nan."