Shinkafar da muka ci a Kalgo

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar Asabar muka tashi daga tashar Gwandu, mu huɗu: ni, ƙanena, maƙwabcina mai sayar da taki, sai direba. Kalgo muka nufa, za mu kai wa ɗiyata da ke karatu a jami'a garin tuwo, man shanu da albasa. Kuɗin mota ya fi na bara. Direba ya ce laifin mai ne, ban yi gardama ba. Hanya ba laifi, sai ramuka nan da can. Gero ya fid da kai, shinkafar fadama ta yi kore shar. Muka ratsa Birnin Kebbi ba mu tsaya ba.

Mun sauke kaya, na yi wa yarinyar nasiha, sai yunwa ta taso. Tun a hanya direba yake yabon rumfar abincin wata Hajiya kusa da tasha, wai har daga Jega ake zuwa cin shinkafarta da kifi. Sha biyu da rabi muka shiga.

Zan faɗi abin da ya faru bi da bi. Da farko mun yi minti arba'in a kan benci ba wanda ya ce mana sannu, na duba agogo. Ruwan wanke hannu sai da ƙanena ya tashi ya ɗebo da kansa. Sannan kifi muka ce duka, aka kawo biyu da kifi, biyu da ganda. Shinkafar ba ta nuna ba, kuma ba a rege ta ba. A loma ta uku maƙwabcina ya tauna tsakuwa har na ji ƙarar. Ya dafe kunci, ya dubi direba ya ce, "Wannan ce ake zuwa ci daga Jega? Da haƙoransu suke komawa?" Miyar kuwa gishiri ya kashe ta.

Ni ba na ganin ɓarna in yi shiru. Na kira mai zuba abincin, wata matashiya da goyo, gumi ya jiƙe mata ɗankwali. Na ce, "Baiwar Allah, kira mini mai wurin." Niyyata in faɗa mata gaskiya, in na koma Gwandu kuma in shaida wa 'yan tasha kada su ƙara kawo kowa nan.

Ta ce, "Baba, Yaya ba ta fita. Takaba take yi, sati uku ke nan da rasuwar maigidanta."

Direba ya ajiye cokali ya yi salati, bai da labari. Ta ce ita ƙanwar Hajiya ce, daga Dodoru aka ɗauko ta, kuma ba ta taɓa dafa abin da ya wuce na mutum goma ba. Hajiya kan yi miyar a gida da safe ta aiko a bokiti, ita kuma sai ta ƙara gishiri, ba ta san an riga an sa ba. Ta ce, "Tun safe ku ne na uku. In muka rufe, mai rumfar da muke haya wani zai ba. Ta fito ta tarar ba wuri, ga marayu biyar."

Faɗan da na shirya sai na rage shi. Na ce ta riƙa rege shinkafa sau biyu, ta ɗanɗana miya kafin ta taɓa gishiri, kuma duk wanda ya shigo ta ce masa sannu ko da hannunta na cikin tukunya. Na cinye nawa, na bi shi da ruwa kofi uku.

Bayan Azahar muka je gidan ta'aziyya, muka tsaya a zaure muka yi addu'a. Daga bayan labule Hajiya ta ce, "An ce kun biya ta rumfa. Abincin ya ciwu?"

Ba na ƙarya. Na ce, "Ya ciwu, Hajiya, amma in kin sa gishiri ki riƙa aika wa ƙanwarki da saƙo."

Ta ce, "Malam, ni kaina ba na tuna ko na sa."

Ƙarfe biyar da minti goma muka iso Gwandu. Ban ce wa 'yan tasha komai ba. Abin da na koya shi ne in tambayi dalili kafin in ɗaga murya.

Mai karatu, in hanya ta bi da kai Kalgo cikin watannin nan, ka shiga rumfar nan ka ci, ka tauna a hankali, kada ka yi wa yarinyar tsawa. A riƙe wa Hajiya wurinta har ta fita takaba.