Sunan da Iya Ba Ta Faɗa

Ƙamshin dafaffiyar gyaɗa sabuwar cira, ko a tasha na ji shi, sai ya mayar da ni Ruwan Godiya, gidan kakata Iya wadda ta riƙe ni. A irin lokacin nan ne, damina ta fara ja da baya, Kawu kan zo hutu daga jami'a.

Kai da ba ka ga Kawu a lokacinsa ba, ka yi asarar kallo. Dogo ne, ba ya gaggawar magana. Farfesa ne, ya rubuta littattafan labari, waƙoƙinsa kuwa har a rediyo ake rera su. Motarsa na tsayawa, malaman makaranta daga Faskari da Ƙanƙara, har Sabuwa, sai su cika zaure, kowa da littafinsa a hammata. Shi kuwa sai ya tuɓe takalmi ya bi tsofaffi gona, yana tambayar sunan kowace ciyawa. Mu yara har leƙen hannunsa muke yi, mu ga ko yatsunsa irin namu ne.

Mutum ɗaya ce duk wannan bai sa ta ɗaga kai ba: Iya, uwar da ta haife shi. Shi ne ɗanta na fari, kunyar ɗan fari kuwa a wurin Iya ba wasa ba ce. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa. In ya durƙusa gaisuwa, sai ta juya wajen murhu ta amsa a taƙaice. "Wancan" take ce masa. Ko a rediyo aka ambaci sunan, sai ta tashi wai za ta duba awaki. Wallahi abin na cin Kawu. Na taɓa jin yana ce wa mahaifiyata duniya ta karanta shi, amma bai sani ba ko Iya ta san abin da yake yi.

Ta sani mana! Yana komawa, da la'asar sai ta ce, "Ke sarkin surutu, ɗauko takardar nan ki karanta mani, yau dai bakinki ya yi amfani." Sharaɗinta in tsallake bango, inda sunan yake. Ina karatu tana ɓarar gyaɗa. Labarin wani manomin auduga ne da ya bar gida, a ƙarshe uwarsa, tana bakin mutuwa, ta kira shi da sunansa. Da na kai nan Iya ta ja tsaki, ta ce kada in kuskura in faɗa wa kowa mun karanta.

Shekarar da ciwo ya kwantar da ita, Kawu ya bar ɗalibansa ya zo, ana tsakiyar yankan dawa. Kwana da kwanaki yana zaune a bakin ƙofar ɗakinta. Kowa ya san abin da yake jira, ba mai iya faɗa.

Wata rana da hantsi ina ba ta kunu, ta ture ludayin.

"Ke, ki ce ma wancan na ji littafinshi." Yana nan zaune fa, tsakaninsu bai wuce tsawon tabarma ba. "Ki ce mashi ya iya zance, Allah shi yi albarka. Amma ya yi ƙarya wuri guda. Uwa ba ta kiran sunan nan gaban mutane. In ta sa goshi ƙasa, can take kiranshi, kullum, tun ran da aka raɗa shi."

Na buɗe baki zan maimaita, Kawu ya ɗaga mani hannu. Ya cire tabarau, hawaye na bin gemunsa. Ni tsoro ma ya kama ni, don ban san farfesa na kuka ba. Kafin a gama kai dawa rumbu Iya ta rasu, Allah ya jiƙanta, kuma ba ta faɗi sunan ba.

Yanzu Kawu ya tsufa, ɗalibansa ma sun zama farfesoshi. Da za a sake buga littafin na tambaye shi ko zai gyara ƙarshen. Ya ce a'a, a bar wa duniya ƙaryar, gyaran nasa ne shi kaɗai.

Zamani ya juya. Ni ɗan farina tun safe nake ƙwala masa kira, har maƙwabta sun gaji da jin sunan, kuma ban ga laifin hakan ba. Sai dai wani lokaci ina salla, tuwo na kan wuta, nakan ɗago kai da sauri in tuna ban ambace shi ba. Sai in daɗe a sujada ta biyu.